Gonar Tattasai da Makarantar Jirgi

Litinin, 9 ga Janairu, 2023

Yau shekarata uku cif ina ɗaukar kaya a filin jirgin Diffa. Awo, liƙa takarda, tura amalanke zuwa gindin jirgin 'yan agaji, a dawo. Babu wanda ya tuna sai ni.

Kaftin Faysal ya sauka da hantsi. Shi kaɗai ne ɗan ƙasarmu cikin matuƙan da ke zuwa nan, mutumin Tawa ne. Na daɗe ina son yi masa magana, yau dai na yi ta maza. Na same shi yana shan shayi a inuwar fuffuke, na ce masa ina son koyon tuƙi. Na zaci zai yi dariya. Bai yi ba. Ya tambaya ko ina da bak, takardar gama sakandare, na ce ina da ita, ta lissafi ma. Ya rubuta mini makarantu huɗu a bayan takardar kaya.

Da zai tafi ya ce, "Kafin ka ba kowa ko dala, ka je ka ga likitan matuƙa a Yamai. Shi ne farko."

Na ce to.

Alhamis, 12 ga Janairu

Kwana uku ina kan salula har idona na ciwo.

Zariya ce mafi kusa, ga Hausa, ga abinci irin namu, amma karatun da Ingilishi ne, ni kuwa nawa na kasuwa ne. Tunisiya da Faransanci suke yi, sai dai kuɗin ɗaki da abinci kaɗai ya isa ya kashe mutum. Ta Habasha ta fi kowace kyau a hoto, na rufe shafin da na ga kuɗin. Afirka ta Kudu an ce awa ɗaya a sama ta fi araha, ga sararin sama garau kusan kullum.

Takardar tuƙi ta farko, wadda ba ta ba mutum aiki, wajen sefa miliyan takwas. Ta biyu, wadda ake cin abinci da ita, ta haura arba'in. Abin da na tara a shekara uku bai kai ɗaya da rabi ba.

Talata, 17 ga Janairu

Ranar kasuwa. Na taya Baba kai buhunan tattasai. Bana ambaliya ta ci rabin gonar, amma abin da ya tsira ya yi ja sosai. Duk wanda ya wuce sai ya damƙa ya shinshina, ya ce, "Malam Tahiru, naka daban ne." Baba ya yi kamar bai ji ba, alhali daɗi yake ji.

A hanyar dawowa na faɗa masa zancen koyon tuƙin jirgi. Muka yi ta tafiya har muka wuce gidan mai. Sannan ya tambaya, shin shi mai tuƙin yana ganin ƙasa daga can? Na ce yana gani. Ya ce to har garinmu Bosso ke nan. Shi ke nan abin da ya ce.

Lahadi, 22 ga Janairu

Ƙanwata Hanan ta ga takardun a kan tabarmata. Ta karanta kuɗin da ƙarfi, ta ƙirga sifilin da yatsa, ta ce, "Yaya, wannan ai kuɗin sayen jirgin ne." Mun yi dariya. Daga baya na ji ta a madafa tana tambayar Baba ko ita ma za a iya biya mata makarantar ungozoma a Damagaram in ta ci bak bana. Ya ce Allah ya kai mu.

Ban yi tunaninta ba ko sau ɗaya cikin kwanakin nan. Na rubuta don kada in manta cewa ban yi ba.

Laraba, 1 ga Fabrairu

Wata makaranta ta amso mini, ba ta cikin huɗun da Kaftin ya rubuta. Rabin kuɗin sauran, amma a biya duka kafin a zo. Na nuna masa. Ya ce in goge saƙon. Ya san wani ɗan Maraɗi da ya biya irin wannan, ya je ya tarar da jirgi ɗaya tal, shi ma ba inji.

Shawararsa: Zariya. In yi takardar farko, in gyara Ingilishina, sannan in nemi tallafin karatu da ita a hannu. Ya ce shi ma haka ya yi, shekara tara ya ɗauka, mahaifiyarsa ta sayar da gidanta, ta rasu bai fara ɗaukar albashi ba. Ya faɗe shi kamar yana faɗin ƙarfe nawa ne.

Ya sake tambayata zancen likita. Na ce sai na samu hutu.

Litinin, 6 ga Fabrairu

Shekara takwas yau.

Ba na son rubuta wannan. Amma littafin nan nawa ne, wa zan yi wa ƙarya a ciki?

Ina da hutu. Ina da kwana goma sha biyu da ban ɗauka ba. Likitan nake tsoro.

Ranar da 'yan bindiga suka shigo Bosso ina da shekara goma sha shida. Inna, Allah ya jiƙanta, ta ɗaure kaya tun ranar Laraba, maƙwabta duk sun tafi. Baba ya ce a ƙara kwana biyu tattasai ya ƙarasa bushewa. Safiyar Juma'a ina bayan gida ina kwashe shanya, wani abu ya faɗo bayan katanga. Ban ji ƙararsa ba ma. Na dai farka a ƙasa, bakina cike da rairayi, jini na bin wuyana ta hagu. Muka taka da ƙafa har Tumur.

Tun ranar kunnen nan ba ya ji. Sai wani siririn fito a ciki, dare da rana. Na koyi juya kai, na koyi kallon leɓe, na koyi cewa "na'am?" kamar hankalina ne ya tafi wani wuri. A lekol ina zama a layin hagu na aji. Ban taɓa faɗa wa kowa ba. A lokacin wasu sun rasa 'ya'ya, ni zan ce kunne?

Wataƙila likitan ba zai gane ba. Kowa ma bai gane ba.

Talata, 14 ga Fabrairu

Na aika dosiyen takarduna Zariya. Sun ce sai an haɗa da takardar likita. Ko'ina sai ita.

Asabar, 25 ga Fabrairu

Baba ya sayar da gonar.

Bayan la'asar ya kira ni, ya ajiye leda baƙa a gabana. Alhaji Maina, mai manyan motocin tattasai, ya daɗe yana son ta saboda tana bakin kogin Komadugu. An yi ciniki tun ranar Laraba, gaban mai unguwa da shaidu, har da injin ban ruwa. Miliyan shida.

Gonar da ya saya da kuɗin shanunmu na ƙarshe bayan mun zo Diffa. Ita kaɗai ce.

Na ce don me bai shawarce ni ba. Ya ce da ya shawarce ni da na hana. Ya ce gwiwoyinsa sun gaji, ruwa kuma kowace shekara sai ya ci rabi, gara ta zama wani abu tun tana da daraja. "Ka haɗa da naka, Razaki. Ka je ka yi ta farkon."

A nan ya kamata in faɗa masa. Bakina ya buɗe. Godiya ce ta fito.

Hanan ba ta ci tuwo ba.

Litinin, 6 ga Maris

Yamai. Kwana biyu a mota, ƙafafuna sun kumbura. Na sauka wajen wani abokin karatuna. Gobe ido da jini da zuciya, jibi kunne.

Laraba, 8 ga Maris

Ido lafiya. Zuciya lafiya, likitan har ya ce kamar ta doki.

Sannan suka sa ni a wani ɗan ɗaki kamar akwati, bango duk soso, aka rufe ƙofa. Aka ɗora mini abin ji a kunnuwa, aka ba ni maɓalli, in na ji ƙara in danna. Babu leɓen da zan kalla. Babu inda zan juya kai.

Na dama na yi ta dannawa. Da aka koma hagu sai shiru, sai fiton nan nawa. Ina hango matar da ke gwajin ta gilashi tana murɗa wani abu, tana ɗago kai tana dubana. Sai na fara dannawa haka nan, ina ƙirga uku in danna, uku in danna. Ta tsaya. Ta buɗe ƙofa ta ce a hankali, "Ɗan'uwana, ban kunna komai ba tukuna."

Ban taɓa jin kunya irin ta yau ba.

Likitan dattijo ne, bai yi mini faɗa ba. Ya tambayi garinmu, na ce Bosso, ya ajiye biro. Ya ce na hagu ya mutu, jijiyar ce, ba a gyarawa. Takardar tuƙin haya ba zai iya sa mata hannu ba, kuma duk inda na je abin da za a gaya mini ke nan. Ta farkon wataƙila, da sharuɗɗa, in dai don sha'awa ce. Ya ƙara da cewa na daman ma ya fara raguwa, in daina tsayawa kusa da inji ba abin toshe kunne.

Don sha'awa. Miliyan takwas.

Asabar, 11 ga Maris

Na dawo. Na ce musu sakamako sai nan da mako biyu.

Alhamis, 16 ga Maris

Na je wajen Alhaji Maina a ɓoye, da ledar kuɗin a cikin riga, ko zai mayar mana da gonar. Ya karɓe ni da mutunci, ya sa aka kawo mini ruwa. Ya ce ya riga ya haɗe ta da tasa, ya rushe iyakar, ya sa an haƙa sabuwar hanyar ruwa. Ko ya so, ba za a gane inda ta tsaya ba. Bai yi ƙarya ba, na bi ta wurin na gani. Bishiyar tsamiyar da muke cin abinci a ƙarƙashinta yanzu tana tsakiyar gonar wani.

Ban ga laifinsa ba. Da ma in ga laifin wani.

Alhamis, 23 ga Maris

An ɗauki azumi. Baba ba shi da inda za shi da safe. Yana zama a ƙofar gida yana gyara igiyoyin da ba su lalace ba. Duk wanda ya wuce sai ya ce masa Razaki zai tafi Zariya bayan salla.

Lahadi, 2 ga Afrilu

Na faɗa wa Baba, bayan an sha ruwa. Hanan na wanke kwanuka, na san tana ji.

Na faɗi duka, har dannawar ƙarya. Na ce tun Fabrairu ya kamata in yi magana, tun kafin a yi ciniki, tsoro ne ya hana ni, ya yafe mini. Ina magana ina kallon tabarma.

Sannan ya ce, "Na sani. Shekara takwas ban taɓa zama ta hagunka ba. Ba ka lura ba?"

Ban lura ba. Wallahi ban lura ba. A masallaci, a gona, a bayan mota, yanzu ma da muke zaune.

Ya ce shi da Inna sun gane tun a Tumur, da ta kira ni ta wannan gefen ban waiwayo ba. Sun ga ina ɓoyewa, suka bar ni da abina. Shi dai bai san jirgi na buƙatar kunne biyu ba, ya zaci ido ne. Ya ce, "Ni na ce a ƙara kwana biyu. Saboda tattasai. Na ɗauka in na ba da gonar, na biya ka."

Ban taɓa ganin Baba yana kuka ba, ko ranar da aka binne Inna. Bai yi sauti ba. Na rasa abin yi, sai na riƙe ƙafarsa.

Juma'a, 21 ga Afrilu

Salla. Mun je idi, mun dawo. Ba mu yi yawon gaisuwa ba bana.

Laraba, 3 ga Mayu

Na gaya wa Kaftin Faysal. Ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi. Bai ce "ai na faɗa maka" ba. Ya ce a harkar nan akwai masu tsara tafiyar jirgi daga ƙasa, su duba iska da nauyi da mai, kuma ana koyarwa a Yamai. Na ce ba na so. Ya ce bai ce in so yau ba.

Kuɗin: Baba ya ƙi karɓa, ni ma na ƙi riƙewa. A ƙarshe mun ware na makarantar Hanan in Allah ya ba ta sa'a, sauran za a nemi hayar wani fili wajen Shetimari. Nesa da ruwa, ƙasar ba ta kai waccan ba. Baba ya je ya gani, ya damƙi ƙasar ya murza, ya ce za ta yi. Bai ce tana da kyau ba.

Zariya sun rubuto suna tambayar takardar likita. Ban amsa ba.

Litinin, 12 ga Yuni

An yi ruwan farko jiya. Jirgi ya makara awa biyu.

An kawo mana sabuwar ma'aikaciya a wurin awo, Rashida, daga Dosso. Ina duba takardu, ashe ta yi mini magana har sau uku. Da na ɗago na ga ranta ya ɓaci, ta ɗauka wulaƙanci ne. Na riga na shirya "na'am?" ɗina.

Sai na ji na ce, "Yi haƙuri, zagayo ta nan. Wannan kunnen ba ya ji."

A gaban kowa, har da sojan ƙofa. Ta ce to, ta zagayo, ta tambaye ni inda ake ajiye takardun liƙawa. Na nuna mata. Babu wanda ya ko ɗago kai.

Ban san me ya sa na rubuta wannan ba, ba wani abu ba ne. Gobe da asuba zan raka Baba zuba iri.