Taga Babu Kowa

Litinin, 23 ga Nuwamba, 1998

Yau shekara goma sha ɗaya da wata bakwai rabona da Kafanchan. Ban yi niyyar lissafawa ba, yarinyar nan ce ta jawo.

Hellen, 'yar Kagoma, tana karatun kwamfuta a kwalejin da nake shara a nan Manchesta. Ta ji ina ƙorafi da Hausa a kan cingam ɗin da suke liƙawa a ƙarƙashin tebur, ta ce, "Baba, kai na ina?" Da na faɗa sai ta ja mini kujera. Wai an ba su aikin yin shafin intanet, ita ta saka bidiyon da kawunta ya ɗauka a gida da damina. Ta danna. Wani ɗan akwati kamar kwalin ashana ya buɗe a tsakiyar rubutu.

Tashar jirgi. Ruwa ya ɗauke, layin dogo yana sheƙi, jirgi yana shigowa, duwatsu kore shar a baya. Daƙiƙa arba'in duka-duka, har da bakin kasuwa. Na ce mata ina da sauran ɗaki biyu, na fita.

Laraba, 25

Na kalla sau shida. Yana tafiya yana tsayawa kamar mai ciwon gwiwa. Idan ya tsaya nakan ji ƙanshin dafaffiyar gyaɗa ta bakin tasha, wallahi har cikin maƙogwaro.

Juma'a, 27

A daƙiƙa ta talatin da ɗaya wani mutum yana tsallaka kwata da laima a hammata. Fuskar ba ta fi ƙwayar wake ba. Amma mutum ɗaya na sani da ke ɗaga kafaɗar hagu kafin ya yi tsalle.

Yaya Sambo.

Shi da bai rubuto mini rasuwar Inna ba sai bayan an yi arba'in. Wai kada hankalina ya tashi a ƙasar mutane. Shekara shida ke nan ban amsa masa wasiƙa ba, shi ma tun bara ya gaji. Gaskiya dai shi ya yi jinyarta, shi ya ɗauki makara. Ni ina nan ina goge gilashi. Wannan ba ya wanke shi. Na dai rubuta ne don haka aka yi.

Ya rame. Ko kuwa akwatin ne ke matse mutane.

Talata, 1 ga Disamba

Hellen ta ce ranar 11 za a goge shafukan ɗalibai duka, zango ya ƙare. Kaset ɗin kuma kawun ya koma gida da shi. Na ci gaba da shara.

Alhamis, 3

Na sayi faifan kwamfuta, irin ɗan murabba'in nan. Ban gaya mata ba, kada ta ga kamar na damu. Na lura da yadda suke yi, da ta tafi cin abinci na kwashe shafin da kaina. Na sa faifan a aljihun gaba. Duk hanyar bas ina jin tashar Kafanchan a ƙirjina, da jirginta da ruwanta.

Asabar, 5

Na kai shi laburaren unguwa. Rubutun ya fito, sunan Hellen ya fito. Akwatin ya fito, fari fat, babu kowa a ciki. Na zauna ina jira kusan rabin awa, ko jirgin ya makara kamar yadda ya saba.

Litinin, 7

Ta yi dariya har da riƙe ciki, da ta ga fuskata ta daina.

"Baba, taga ka ɗauka, ka bar gari. Shafi yana nuna wurin da bidiyo yake ne kawai. Bidiyon yana babban injin makaranta."

Ta ce faifai ɗaya ba zai ɗauki fiye da daƙiƙa goma sha huɗu ba, sai an yanka. Injin yankan kuma layi ake bi, sau ɗaya za ta samu kafin Juma'a. In zaɓa.

Na ce jirgin, mana. Me zan yi da kasuwa.

Laraba, 9

Na yi mafarki jirgin ya shigo har cikin ɗakin kwamfuta, a hankali, bai taɓa ko tebur ɗaya ba. Fasinjojin duk suna riƙe da laima a rufe. Na duba taga-taga ban san wa nake nema ba.

Alhamis, 10

Na same ta a layi. Na ce jirgi ai duk ɗaya ne, akwai shi a kalanda. Na ce ta yanko daga daƙiƙa ta ashirin da shida.

"Wanene a wurin, Baba?"

Na ce wani ne mai laima.

Ta dube ni, ba ta ƙara ba. Yarinyar tana da tarbiyya.

Asabar, 12

An goge jiya. Na danna adireshin da kaina don in tabbatar, babu.

Na koma laburare da sabon faifan. Ya tsallaka kwatar sau tara. A na bakwai na lura yana dafa gwiwa bayan ya sauka. Da ba ya yin haka.

Hellen za ta gida Kirsimeti. Ta ce shagon da ke bayan kwatar ta san shi, idan akwai saƙo. Na ce babu. Na dai tambaye ta ranar tafiyar, ashirin ga wata.

Abin da na tsira da shi: faifai biyu. Ɗaya taga babu kowa. Ɗaya daƙiƙa goma sha huɗu, goma ƙafafun mutane da tallar rogo, huɗu Yaya.