Jar Hular da Na Gani a Waya Ta Rushe Sintirin Unguwarmu

Assalamu alaikum, mai wannan shafi da duk mai karantawa. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kada ku zage ni sai kun ji ƙarshe. Ni tsohuwa ce a Madarounfa, ban yi lakwal ba, wato makarantar boko. Ɗiyata ce ke rubutawa, ni ina faɗa ina kuka.

Tun da maigidana Malam ya rasu, rediyo ya zama abokin zamana. Kullum labari ɗaya: an ƙwace moto, wato babur, a Maraɗi, an sari mai kabu-kabu, an fasa shago. Matan gida kuma su miƙo min waya su ce, "Inna, dubi abin da ake yi a birni." Har na kai ko akuya ta taɓa ƙofa sai gabana ya faɗi. Duk wanda ya dawo daga birni, gani nake da wuƙa ya dawo.

Lawali, ɗan aminiyata Rabi, shi ma daga Maraɗi ya dawo. Shi ya tara samari suka kafa 'yan sintiri, satar awaki ta tsaya cak. Shi ya kawo ƙa'idar cewa tsofaffin da ke zama a ƙofar gida su ne idon unguwa: abin da tsohuwa ta gani ta gaya wa mai unguwa a asirce, ba a neman shaida, ba a faɗin sunanta. Har durƙusawa ya yi gabana ya ce, "Inna, ku ba kwa ƙarya, idonku ya fi fitilarmu."

Ran nan aka nuna min wani bidiyo, wai ɓarayin moto ne a Maraɗi. Hoton na rawa, ga wani dogo da jar hula yana gudu. Lawali dogo ne, kuma yana da jar hula. Ni da ko zare ba na iya sa wa allura, me ya kai ni? Na ja sandata sai gidan mai unguwa, na ce masa Lawali na cikin ɓarayin. Ya ce, "Inna, kin tabbata?" Na ce, "Da idona na gani." Wayyo ni!

Aka cire Lawali daga sintiri. Abokansa suka ce in ba a faɗi wanda ya kai ƙara ba sun ajiye sandunansu, suka kuwa ajiye. Waɗanda suka rage suka bar tsaron dabbobi, suka koma bakin hanyar Ɗan Issa suna tare masu moto, suna neman ɓarawo irin na cikin waya. Ɓarayinmu na gaske kuwa ta gefen tafki suke shigowa, a ƙafa. An kwashe tumakin gidaje, har da tunkiyar da Malam ya bar min.

Makon jiya ɗiyar nan tawa ta zo daga Gabi, ta kalli bidiyon ta ce, "Inna, wannan ai tun bara yake yawo, ba ma a ƙasar nan aka ɗauke shi ba. Saurari bakinsu." Na kasa kunne, wallahi ko Hausa ba sa yi. Ran farko ban saurara ba, hula kawai nake kallo.

Ga shi Rabi kullum tana ɗakina. Ita ta zauna da ni duk takabata, ita ke dama min fura. Jiya ta riƙe hannuna ta ce, "Yaya, taya ni roƙo, Allah Ya tona asirin wanda ya ɓata min ɗa." Na ce amin. Amin fa na ce! Da wane baki zan ƙara shan furarta?

Ran Juma'a bayan masallaci za a zauna a gidan mai unguwa, wasu na cewa a miƙa Lawali ga jandarma. Ɗiyata ta ce in koma a asirce in janye maganata. To, in na janye a ɓoye wa zai wanke shi a idon gari, tunda samarin sunan mai ƙara suke son ji? In kuma na tashi gaban jama'a na ce ni ce, na rasa Rabi, kuma ba mai sake yarda da idon wata tsohuwa a unguwar nan. Ƙa'idar da Lawali ya kafa don girmama mu, ita ce yau take rufa min asiri, shi kuwa ko kasuwa ya daina fita.

Juma'a jibi ce, 'ya'yana. Me zan yi?