Malamin da Ba Ya Faɗin Amsa

Amurka, 1926

Yaya Ishaƙ,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar Iya, da mutanen Gumel? Ni lafiya lau, sai ɗan tari da sanyi ya ba ni. Kada Iya ta ji.

Na bar aikin jirgin ruwa, shara nake yi a wata babbar makaranta. Ƙaninka da ya guje wa allo, yau shi ke goge allon Turawa.

Wani malamin lissafi a nan ya ɗaure mini kai. Ba ya faɗin amsa, ya kuma hana buɗe littafi. Sai ya jefa wa ɗalibai tambaya ya koma gefe, su yi ta gumi har wani ya gano da kansa. Ran nan na tsaya da tsintsiya ina saurare, ya ce baƙar fata ba ya zama a darasinsa. Na fita, na koma sharar gindin taga. Mutumin da ya yarda kan ɗan Adam na iya nemo amsa da kansa, ta ina ya leƙa cikin nawa har ya ce ba zai iya ba?

Ka ce ɗana Nata'ala ya kasa lissafi, za ka cire shi daga makaranta. Don Allah dakata. Ba shi igiya, ya raba gonarmu mai karkataccen gefe gida biyu daidai. Kada ka nuna masa; ni ma ban san yadda ake yi ba. In ƙanwarsa Rakiyya ta leƙo, ka matsa mata ta zauna.

Allah ya haɗa fuskokinmu.

Ƙaninka,
Ilu