Filasta a Kafaɗar Auta

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan za ta same ka lafiya, kai da Anti da yara. Ya aiki? Mu nan alhamdu lillahi. Inna tana gaishe ka, ta ce in tambaye ka ko har yanzu kana tauna murfin biro kamar da.

Keken guragun da ka aiko mata ya iso, Allah ya saka da alheri. Sai dai kar ka yi fushi, bai shiga ƙofar banɗaki ba, ya fi ta faɗi da yatsu uku. Don haka muna nan yadda muka saba tun da ɓarin jikinta ya shanye: in ɗaga ta daga gado zuwa keke, in tura ta bakin ƙofa, in sake rungumo ta zuwa ciki, sannan in dawo da ita. Sau shida ko bakwai a yini. Ka san Inna da shan ruwa, kofin ƙarfen nan nata ba ya hutawa.

Akwai abin da na daɗe ina ɓoye maka. Wata biyar ke nan kafaɗata ta dama tana ciwo, daga nan ya hau wuya, ya sauko har yatsu. Da na zauna a kan keken ɗinki sai in ji kamar an soka min ƙusa. Maƙwabciyarmu Maman Biyu ce ta ja ni asibiti, muka bar Inna tana barci. Likita ya danna wurin da babban yatsa, na yi ihu har nas ta leƙo. Ya ce tsoka ce ta ƙulle, ƙulli uku kamar ƙananan duwatsu a cikin nama. Ya sa alama da biro, ya soka siririyar allura a tsakiyar kowanne. Yaya, da kaina na ji naman ya yi tsalle! Kafin mu iso gida ina iya waiwayawa ba tare da na juya jikina duka ba.

Sun manna min filasta a wurin. Inna ta sa hannunta mai lafiya ta shafa ta, ta yi ta yi wa likitan addu'a kamar shi ya haife ni. Yau na ɗaga ta kamar jaririya. Na warke, kar ka damu.

Ka gaishe min da Anti da yara.

Ƙanwarka,
Auta

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan kuna lafiya. Amsarka ta zo, na ga ka ce hutunka sai bayan wata uku. Na karanta wurin sau huɗu ko zan ga ya canja.

Yaya, na yi saurin cewa na warke. Allurar farko ta riƙe ni mako uku, ta biyu kwana goma sha biyu, ta uku ko mako ba ta kai ba. Laifina ne. Da na daina jin ciwo sai na ɗauka an gama, har na riƙa ɗaga Inna tun daga gado zuwa banɗaki ba keke, wai ni mai ƙarfi. Ranar Talata na koma neman ta huɗu, likita ya ƙi. Ya ce allura kwance ƙulli take yi, ni kuma kullum ina komawa gida ina sake ɗaure shi. Ya ce yanzu ba ƙulli kaɗai ba ne, kafaɗar kanta ta fara lalacewa, in ban yi mako shida ba ɗaukar nauyi ba, wata rana hannun zai sake ni ina riƙe da ita. Na roƙe shi, wallahi har na yi kuka a gaban nas. Ya ba ni takardar motsa jiki, ya ce in riƙa gasa wurin da tawul mai ɗumi, in nemo wanda zai karɓe ni. Wa zan nemo? Maman Biyu cikinta ya tsufa, ko bokiti ba ta ɗauka.

Kuma ita ce ta ɓallo min ruwa. Matar nan bakinta ba ya riƙe magana. Tare muka je asibiti, muna shigowa gida ta zauna a gefen gado ta zayyana wa Inna komai, har da maganar hannu zai sake ni. Ina harararta, ita kuwa ko a jikinta. Inna ta dubi kafaɗata kawai, ta ga ba filasta.

Kwana biyu ban gane abin da ke faruwa ba. Na ga dai ba ta kirana, har na ji daɗi, Allah ya yafe min. Sai jiya na lura kofinta yana nan cike yadda na ajiye shi tun safe. Shayi ma kurɓa ɗaya take yi ta kau da kai. Ta daina shan ruwa, Yaya, don kar ta ji fitsari, don kar in ɗaga ta. Na lallashe ta, na yi mata faɗa, na kawo mata tasa don ta yi a gado, ta rufe ido ta juya fuska bango. Ka san ta, gara ta mutu da a ga ta yi a kwance. Leɓɓanta sun tsattsage. Da azahar ta kira ni da sunan marigayiya ƙanwarta.

Ba wani abu nake so ka aiko ba. Hannunka nake nema. Kai ka ɗaga ta zuwa ƙofa, ni in yi sauran abin da ɗa namiji ba zai yi ba. Don girman Allah ka je wurin shugabanka ka nuna masa takardar nan.

Taka,
Auta

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Ka yi haƙuri da rubutun nan, da hagu nake yi.

Kwana biyar ban ji daga gare ka ba, ni kuma ba zan zauna in zuba ido Inna ta bushe a gabana ba. Ranar Asabar na yi abin da ban taɓa yi mata ba. Na yi shiri kamar mai zuwa asibiti, na ce mata likita ya kira ni. Na fita na sayi filasta a kemis, na zauna a kan benci a bakin titi awa biyu ina kallon motoci. Sannan na shiga ɗakin Maman Biyu, na sa ta rantse ba za ta faɗa wa Inna ba, ta ɗiga min alamar biro ta manna min filasta a wurare ukun nan. Tana mannawa tana kuka.

Na shiga wurin Inna da fara'a, na ce an kawo sabuwar allura mai ƙarfi, likita ya ce na warke sarai. Ta ce in matso. Ta shafa filastar ɗaya bayan ɗaya, ta daɗe tana kallon idona. Na ɗaga hannun sama har sau biyu ina dariya, ni kaɗai na san abin da na ji. Sai ta miƙa hannu ga kofi. Ta shanye tas, ta ce in ƙaro. Yaya, na juya baya ina zuba ruwan, hawaye na zuba tare da shi.

Yanzu ta dawo hayyacinta. Tana sha, tana tsokanata, tana kirana sau bakwai a yini kamar da. Duk kofin da ta sha ina murna, kuma na san ɗagawa ɗaya ce ke jirana. Nakan cije mayafina kafin in sunkuya don kar ta ji nishina. Yau da safe a bakin ƙofar banɗaki yatsuna suka mutu, ta zame har gwiwarta ta taɓa ƙasa, na tare ta da ƙirjina. Na ce mata santsi ne. Ta kai hannu ta taɓa filastar, gefenta ya riga ya fara ɗagowa.

Ban san ko ta yarda ba. In ta gane, ba za ta ƙara yarda da ni ba, ba kuma za ta ƙara taɓa kofin nan ba. In ba ta gane ba, hannun nan zai yar da ita a kan siminti. Na rasa wanda zan roƙi Allah ya ba ni a cikin biyun.

Ban taɓa ce maka na gaji ba, shekara biyu. Yau na faɗa. Uwarka ce kamar yadda take uwata. Kar ka rubuto min amsa, Yaya, ka taho da ƙafarka. Ga ta can tana kirana.

Ƙanwarka,
Auta