Matsar da Katangar Faifai

Sharaɗa, Kano
3 ga Maris, 1986

Zuwa ga Zaituna,

Bayan sallama da gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da 'yar jaririyar nan. Yaya ruwan zafi? Ki miƙa gaisuwata ga su Baba da Inna da duk mutanen Ringim.

Yau cike nake da zumuɗi. Kin san kwamfutar masaƙarmu, wadda kike cewa na fi tarairayarta a kanki. Faifan da take ajiya a ciki an raba shi uku tun ranar da aka kawo ta, kamar gida mai ɗaki uku. Ɗakin haɗin rini ya cika maƙil, ko launi ɗaya ba ya ƙara karɓa. Na wasiƙun ofis kuwa fayau, ko kwata bai ci ba. Na ukun na aikin na'urar kanta ne. Injiniyan da ya yi rabon ya koma ƙasarsu, sabon faifai kuma sai daga waje, ga shi ba a samun izinin shigo da shi. Shi ne manaja ya ce a rufe na'urar ƙarshen wata, kowa ya koma inda aka ɗauko shi. Ni ɗakin rini ke nan, inda na shekara huɗu ina tari har likita ya ce in nemi wani aiki.

Kwana uku ina fama da littafin na'urar da ƙamus. Zaituna, ashe ana iya matsar da katangar! A kwashe komai a tef, a share faifan tas, a sake yanka shi, a ba rini kaso mafi girma, sannan a mayar da kayan. Na tunkari manaja, ya dube ni sama da ƙasa, ya ba ni ranar Asabar. Ya ce in ta yi, kujerata tawa ce, in ba ta yi ba, na san hanya.

Za ta yi, in Allah ya yarda. Ki taya ni da addu'a.

Naki,
Labaran

10 ga Maris, 1986

Zaituna,

Ina gaishe ki, ina gaida mutanen gida, da fatan jikin yarinyar ya yi ƙwari.

Katanga ta matsa! Da idona na ga na'urar ta nuna sabon fili, na tashi ina tafi ni kaɗai kamar wani taɓaɓɓe. Wasiƙun ofis suka koma wurinsu lafiya lau. Sai na ɗora tef ɗin rini. Ya yi ta juyawa, ya kai kashi ɗaya cikin uku, ya tsaya cik. Sau biyar ina sakewa.

Ga abin da ya faru. A nan masaƙa duk mai wani abu mai daraja Malam Inuwa yake ba ajiya, shugaban marina, shi ne kuma ladaninmu. Da na gama kwasa ranar Juma'a, ni ma shi na ba tef ɗin rini, na ce ya fi ƙwai buƙatar lallaɓawa. Bawan Allah ya naɗe shi a sabon ƙyalle, ya sa a akwatin ƙarfensa. Bayan la'asar ya sauko da lasifikar kiran sallah kamar kullum, ya ɗora a kai, ya kulle. A gindin lasifika akwai ƙaton maganaɗisu, shi kuwa maganaɗisu goge tef yake yi. Shi bai sani ba. Ni na sani, amma murna ta hana ni tambayar me ke cikin akwatin.

Cikin launi ɗari uku, ɗari da casa'in sun tafi. Na faɗa wa manaja laifina ne, ban ambaci sunan kowa ba. Ya ce ƙarshen wata yana nan inda yake. Gaskiya ina jin tsoro, kada ki faɗa wa Baba.

Naki,
Labaran

24 ga Maris, 1986

Zaitunata,

Gaisuwa mai yawa gare ki da 'yar rigimarki, da su Baba da Inna. Albishirinki!

Malam Inuwa da ya ji irin ɓarnar, sai ya tara marina gaba ɗaya. Ashe kowannensu yana da launukansa a ka. Na ɗauki littafi da biro na koma ɗakin rinin da nake gudu, da ƙafata. Mutum ya faɗi awo, a haɗa, a tsoma ƙyalle, a gwada da tsohon samfur, in rubuta. Gardama kuwa ba a magana. Wani Isyaku ya rantse koren da na'urata take bayarwa shekara uku ba daidai ba ne, su ne suke ƙara soda a ɓoye don kada su kunyata ni. Na ji kunya, na yi dariya har da hawaye. Irin wannan gyara mun samu ashirin da shida.

Shekaranjiya na shigar da na ƙarshe. Manaja ya zo da kansa, ya zaɓi launi uku cikin waɗanda suka ɓata, na'ura ta buga awonsu, aka rina a gabansa. Ya kai ƙyallayen bakin taga, ya juya, ya sake juyawa. Sai ya tambaye ni launi nawa faifan zai ƙara ɗauka. Na ce sun fi ɗari biyar. Ya ce to in koma kujerata in fara cika shi. Ban san lokacin da na rungume Malam Inuwa ba.

Ranar Lahadi ina tafe in gan ku. Za ki ga hannuwana shuɗi har gwiwa, za ki kuma ji ɗan tari. Kada gabanki ya faɗi. Na kwana tara ne kawai, kuma shi ne na ƙarshe.

Mijinki mai kewarki,
Labaran