Ni na zuba siminti a filin tsohonmu

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin ka ɓoye sunana, wanda ya san ni zai gane ni ko ba suna, wanda bai san ni ba kuma ba ruwansa. Don Allah ku ba ni shawara, amma mai cewa in yi haƙuri kawai ya riƙe abinsa, na ci haƙuri har ya gundure ni.

Ni mutumin wajen Dandamisa ne a ƙasar Makarfi, na haura hamsin, boko a aji biyu na sakandare na ajiye shi. Abin da na iya a duniya tanis ne, kuma gado na yi. Tsohonmu, Allah ya jiƙansa, a farkon samun 'yancin kai ya yi aiki a wani kulob na Turawa a Zariya, shi ke gyara musu filin wasa. A can ya koyi bugu, ya kuma koyi yin fili da ƙasar shuri, a fasa gidan gara a tankaɗe ƙasar, a shimfiɗa a yayyafa ruwa a bi da rola. Da Turawan suka watse ya dawo gida ya yi irinsa a bayan gidanmu, mata suka taya shi da daɓe, gari kuwa aka ce ya zautu. Maganarsa kullum ɗaya ce, ƙasa tana yafe wa gwiwa, siminti ba ya yafiya. Mutumin nan ya wuce sittin yana tsugunawa ya miƙe ba tare da ya dafa komai ba.

Ni kuwa da na fara zuwa gasa Kaduna da Legas na ga filaye masu fenti suna sheƙi, sai na raina namu. Babbar kyautar farko da na ci, siminti na saya da ita na sa aka malale filin, lokacin tsoho yana kwance a asibiti, wai zan ba shi mamaki. Da ya dawo ya buga ƙafa a kai sau biyu, ya ce na kyauta, na gina wa gwiwata kabari da hannuna. Bai ƙara taka wurin ba har ya rasu. Ni ko a jikina, safe da yamma atisaye ba hutu, in gwiwa ta kumbura in je wanzami ya yi mini ƙaho, in ɗaure da bandeji in koma. Ina da talatin da ɗaya wasa ya ƙare mini. Yau a kan kujera nake salla.

Ga inda na cuci kaina. Kunya ta hana ni cewa maganar tsoho ce ta tabbata, sai na ce haɗarin babur na yi a hanyar Ikara. Da wannan labarin ɗana na fari ya tashi. Shi ma tanis ɗin ce sana'arsa, ya fi ni nesa ba kusa ba, har ƙasashen maƙwabta yana zuwa, yanzu shekararsa ashirin da takwas da mata da 'ya ɗaya. Bana gwiwarsa ta dama ta fara kumbura. Likitan ƙashi ya ce in yana so ya daɗe a wasa ya rage yawan gasa, ya riƙa hutawa, ya ƙarfafa cinya, ya fi ba da ƙarfi a wasan bibbiyu, atisaye kuma a filin ƙasa. Yaron ya dawo gida wai hutun wata uku, amma gari na wayewa yana kan simintin nan yana tsalle. Na yi masa magana ya yi dariya, ya ce haba Baba, kai da ka yi shekara da shekaru a kansa ba abin da ya same ka sai da babur ya kayar da kai, likitoci dai ba sa rasa abin faɗa. 

Sai na ce to in fasa simintin kowa ya huta, in mayar da filin yadda tsoho ya yi shi, don hannuna bai manta ba. Nan kuma na ci karo da Yaya Sale, babban wanmu. Tun da na daina wasa wurin ya zama na shanya, barkononsa da masararsa duk a nan suke bushewa, har maƙwabta suna roƙon gefe. Da na je masa da maganar ko tabarma bai nuna mini ba, ya ce “Baturen Dandamisa, ran da ka zuba simintin, wa ka shawarta? Abu ɗaya tak mai amfani da ƙwallonku ya taɓa kawo wa gidan nan, shi za ka fasa ana gab da kaka?” Ya ce filin gado ne ba a raba ba, in na ɗaga guduma mu haɗu gaban mai unguwa. Na ce masa gwiwar ɗanka ce fa, ya ce ɗan nasa ya zo ya kama fartanya, ba a taɓa jin ta gurgunta kowa ba. Wani wurin kuma babu, gonaki sun cinye ko'ina har bakin katanga.

Abin da ya fi ci mini rai, Yaya Sale yana tsaye ran da tsoho ya yi maganar kabarin nan, ya san ba babur ba ne. In rigima ta kai gaban mai unguwa wallahi sai ya tona, yaron ya ji a bakin wani cewa ubansa ya shekara ashirin yana masa ƙarya.

Na riga na fasa shuri biyu na tara ƙasar a zaure, guduma ma na aro tana ƙarƙashin gado. Jiya da la'asar ina kan kujerata a sahun baya na ga yaron a zaman tahiya ya miƙe ƙafar dama gefe, ya kasa naɗe ta. Haka na fara.

To jama'a, in zaunar da shi in faɗa masa gaskiya, ko da girmana zai zube a idonsa? In fasa simintin yanzu in ɓata da ɗan uwana, ko in jira a gama shanya, alhali ban san ko gwiwar za ta jira ba? Ku faɗa mini, don kujera ɗaya ta isa a masallacin nan.