Tafiyarmu da Baba Zuwa Tafkin Boya

Watson Lake, Yukon
9 ga Satumba

Zuwa ga Yaya Doreen,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya ke da maigida da yara, Allah ya ƙara sauƙin ciwon gwiwar nan taki. Mu nan lafiya lau. Inna Verna ta gama bandar kifinta, ta ware miki naki.

Yaya, kin san wata huɗu ke nan kina roƙon Baba ya dawo wurinki Halifax, tun da likita ya ce idonsa ba zai kai baɗi ba, shi kuwa yana cewa ba inda za shi. To, makon jiya ya ce in fito da mota, yana so ya ga hanyar Cassiar. Na ce hanyar da ya shekara talatin yana bi da gireda, motar gyaran hanya? Ya ce ai tsakuwa yake kallo a lokacin, bai taɓa ɗaga kai ba.

Kwana huɗu muka yi. Ganyaye sun koma ruwan ɗorawa, kan duwatsu ya fara fari, sai mu yi awa guda ba mu gamu da mota ba. A tafkin Meziadin ya sa na tsaya, ya cire takalmi ya tsoma ƙafa a ruwan sanyin nan, yana dariya shi kaɗai. A Kinaskan muka soya kifi a bakin ruwa, ya ce hannuna a gishiri ya fi tuƙina muni. Duk kwanar da muka sha sai ya faɗi wanda motarsa ta taɓa maƙalewa a wurin.

A Boya muka ɗauki kwale-kwale da hantsi. Ruwan ya kwanta, shuɗi-shuɗi kore-kore, ana hango farin ƙasansa, har na ji kamar a iska muke shawagi. Muna tsakanin tsibirai sai ya dafa kafaɗata, ya yi raɗa ya ce in ajiye filafili, ga wani ƙaton namijin barewa can a gaɓa, da ƙahoninsa kamar faranti. Na duba. Yaya, saiwar wani itace ce da ya faɗi. Ban iya faɗa masa ba. Na ce lallai ban taɓa ganin mai girmansa ba. Muka zauna, iska tana juya mu a hankali, shi yana kallon kututture, ni ina kallon inuwarsa a cikin ruwa ina share hawaye.

Can ya yi tsaki, ya ce babu dabbar da za ta yi rabin awa ba ta kaɗa kunne ba. Ya ce ni da marigayiya Mama duk ɗaya, ba mu iya ƙarya ba, muryarmu ke rawa. Muka yi ta dariya har kwale-kwalen ya nemi kifewa. Da muka fito gaɓa ya daɗe a tsaye. Sannan ya ce ya ga abin da ya zo gani, in rubuta miki ki gyara ɗakin, zai taho in dusar ƙanƙara ta fara sauka. Ya ce a faɗa miki ba ya cin miyar gwangwani.

Ki gaida Alton da Renata da ƙaramin Wendell, takwaran Baba. Inna Verna tana gaishe ku.

Abu ɗaya nake roƙo, Yaya. Ranar da za ki tarbe shi a filin jirgi, kada ki tsaya daga nesa kina ɗaga hannu. Ki matso kusa, ki kira shi tukuna.

Ƙanwarki mai kewarki,
Glenda